A'isha Fallatiya, 'Yar Mahajjatan Sakkwato Da Ta Buɗe Wa Matan Sudan Ƙofar Rediyo

  

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata baiwar Allah da jininta namu ne, amma ba a ƙasarmu aka haife ta ba, ba kuma a ƙasarmu aka binne ta ba. Sunanta A'isha Musa Ahmad, mutanen Sudan kuwa A'isha Fallatiya suke ce mata. Ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana rera waƙa a gidan rediyon Sudan, a shekarar 1942. Idan akwai tsohuwa a gidanku wadda ta yi wayo a zamanin Sardauna, ki ɗan tambaye ta, mai yiwuwa ne muryar ta taɓa shiga kunnenta.

Bari in faɗi wata magana tun da wuri, don kada a ɗauke ni inda ban je ba. Ban zo in ce wa kowa ta ɗauki waƙa sana'a ba. Maganar kiɗa da waƙa da muryar mace, magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kowaccenmu kuma ta san malamin da take bi. Abin da nake so mu duba tare shi ne, yarinyar da iyayenta baƙi ne, aka haife ta a wani gari, ta girma a wani, harshen cikin gida daban na bakin titi daban, me irin wannan tashi ke zubawa a kunnenta, me kuma yake fitarwa daga bakinta idan ta girma?

To, labarin A'isha ba ya fahimtuwa sai an fara da hanya. Yau idan Allah ya kira mutum aikin hajji, jirgi zai ɗauke shi daga Kano ko Sakkwato ko Yamai, kafin ya gama gyangyaɗi sai ga shi a Jidda ko Madina. Kakanninmu kuwa da ƙafa suke zuwa, da jaki, mai hali ya hau raƙumi. A bar ƙasar Hausa a bi ta Barno, a gewaye tafkin Chadi, a ratsa Bagarmi da Wadai, a shiga Darfur, a wuce Kurdufan, sannan a iso bakin kogin Nilu. Daga nan ma da sauran tafiya, sai an dangana da Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa a haye zuwa Jidda. Shi ya sa wanda zai tafi ake yi masa ban kwana irin na wanda ba lalle ne a sake ganinsa ba.

Kin ga tafiya irin wannan ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce, ta shekaru ce. Guzuri zai ƙare a hanya. Sai a yada zango a wani gari, maigida ya nemi gona ya yi damina ɗaya ko biyu, ko ya shiga ƙodago. In malami ne ya tara yara ya buɗe makarantar allo, ya yi rubutun sha. Uwargida kuma ba ta zauna haka nan ba, tana suya, tana daka, tana kitso, tana sayar da gyaɗa. In an tara ɗan abin da aka tara sai a ƙara gaba. Ana cikin haka a haifi yaro a Wadai, a yaye shi a Darfur, a sa shi makaranta a Kurdufan. Wasu su kai Makka su juyo, a hanyar dawowa ƙarfi ya ƙare, su zauna inda suka tsaya. Wasu ko Makkar ba su kai ba. Masu bincike da suka zauna cikin mutanenmu na Sudan sun tarar da jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda a can aka haifi iyayensu, amma in ka tambaye su sai su ce maka ai su a kan hanyar Makka suke. Allahu Akbar. Niyyar kaka ta zama gadon jika.

A shekarar 1903 hanyar nan ta ga taron da ba ta saba gani ba. A watan Maris na shekarar Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, maza da mata da yara. Turawa suka cim masa a Burmi, a watan Yuli aka kashe shi a can. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin Mai Wurno ke nan, da sunansa ake kiransa. Bayan haka, a 1925 aka gama dam ɗin Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, ana neman hannuwan aiki ido rufe. Mutanenmu kuwa ba a fi su noma da juriya ba. Nan ma wasu dubbai suka sami dalilin zama.

'Yan ƙasa suka haɗa waɗannan baƙi duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da sauransu, suka sa masu suna ɗaya: Fallata. Asalin kalmar daga Barebari take, haka suke kiran Fulani. Wani lokaci kuma a ce Takari, kalmar da mu ma mun san ta a nan gida. Ki riƙe wannan suna na Fallata a ranki, za mu dawo kansa.

Af, kada in manta, hanyar nan fa ba tafiya kawai ake yi a kanta ba, har da dawowa. Laffayar da kike yafawa ranar biki, da humra, da turaren wuta, da dilka da ake yi wa amarya, duk akwai ƙamshin waccan hanya a jikinsu. Su ma can sun karɓa daga gare mu. Gasasshen naman da ake barbaɗa wa ƙuli da yaji a titunan Sudan sunansa agashe, kin ji ai ba sai an fassara miki ba.

Iyayen A'isha daga ƙasar Sakkwato suka fito. Mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta Malam Musa kuma malami ne mai jinin Fulani. Hajji ne ya fito da su, daga baya suka zauna a Sudan. A Kasala aka haife ta, zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da ƙasar, ita ce babba cikin 'ya'ya 7.

Kasala gari ne a gabashin Sudan, dab da iyakar Iritiriya, a gindin wasu manyan duwatsu masu santsi da ake kira Taka. A nan ne cibiyar ɗariƙar Khatmiyya take. Akwai kogin Gash, wanda ke kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani, kamar dai kogunanmu na Arewa. Kasuwar garin kuwa mahaɗa ce. Ga Hadandawa makiyaya masu raƙuma da harshensu, ga Bani Amir da nasu, ga Rashayida da suka hayo teku daga ƙasar Larabawa, ga mutanen Habasha, ga Larabawan bakin Nilu 'yan kasuwa, ga kuma namu. Tun tana ƙarama gidansu ya sake naɗe tabarma, aka koma Umdurman, birnin da ke tsallaken kogi daga Khartum. Shi ma Umdurman gari ne na tattaro. Ƙauye ne ƙarami kafin zamanin Mahadi. Daga 1885 zuwa 1898 Halifa Abdullahi ya mayar da shi hedikwatarsa, ya tara ƙabilu daga kowace kusurwa ta ƙasar, da masu son zuwa da waɗanda aka kawo dole, da 'ya'ya da bayi. Bayan Turawa sun karya mulkin Halifa a yaƙin Karari a 1898, jama'ar nan ba su watse duka ba, suka zauna suka cakuɗa. A cikin wannan cakuɗa A'isha ta buɗe ido.

A Umdurman mahaifinta yana da makarantar allo, wadda can suke kira halwa, shi kuma malamin su ce masa faki. A gaban mahaifinta ta yi karatu, ta haddace abin da Allah ya nufe ta da shi na Alƙur'ani. Waɗanda suka rubuta tarihinta suna danganta ƙwarewar bakinta da wannan karatu. A nan ina so ki fahimce ni da kyau, karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, Allah ya tsare mu da haɗa su. Amma duk wadda ta zauna gaban malami ta san horon da harshe ke sha. Sai kin fitar da kowane harafi daga mafitarsa, ki bambance ha mai ruwa da ha ƙarama, ki san inda ake ja da inda ake taƙaitawa, ki riƙe numfashi har ki kai wurin tsayawa, ki kuma riƙe dogon karatu a ka ba tare da kin duba allo ba. Yarinyar da ta sha wannan horo tun tana 'yar mitsitsiya, Larabcinta zai fita tar, ko da a cikin gida Hausa ake yi mata magana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar baƙi, domin abin da aka fi yi wa Fallata dariya da shi a wancan zamani shi ne karyayyen Larabci. Ita kam ba a same ta da wannan ba. Manyan marubuta waƙa na Umdurman sun miƙa mata baitocinsu, ta rera, mutane suka ji kowace kalma.

Cikin gida kuma fa? Ke ma kin san gidan Bahaushiya ba ya rabuwa da sauti. Akwai waƙar reno, akwai ta niƙa, akwai luguden daka da ake yi da taɓarya biyu ko uku, akwai gaɗa da tafi, akwai shantu da kiɗan ƙwarya ranar buki. Mace ba ta barin waɗannan a Sakkwato don ta yi ƙaura, a bakinta suke, da su take tafiya ko da ta rasa jaki ta rasa kaya. Ni a ganina wannan ne gadon da ya fi sauƙin ɗauka cikin duk abin da matafiyi ke ɗauka, ba ya nauyi, ɓarawo ba ya ƙwacewa, ba a biya masa kuɗin fito.

Sai makaranta ta uku, wato gidajen biki na Umdurman. Matan Sudan suna da wata ganga ta yumɓu da ake rufe bakinta da fata, sunanta dalluka. Da ita ake yi wa amarya kiɗa, mata zalla a tsakar gida, mai waƙa tana bayarwa 'yan amshi suna karɓa, ana guɗa. In kin rufe ido sai ki ce gidan amada kike. A cikin shekarun 1930 kuma wani sabon salo ya bazu a tsakanin matan birane, ana ce masa tumtum, mai saurin kiɗa, mai gajerun baitoci cikin Larabcin kasuwa, ana zancen so da kewa da halin zaman birni. Matan talakawa ne suka fi yin sa, da yawansu 'ya'ya da jikokin bayi. Su kuwa maza masu ilimi suna da tasu waƙar, wadda daga baya aka sa wa suna haƙiba, mai dogayen baitoci da zaɓaɓɓun kalmomi, irin ta su Khalil Farah da Sarur da Karoma. Masu haƙiba kallon raini suke yi wa tumtum, wai waƙar mata ce, ta marasa asali.

A'isha tana da shekara kamar 14 ta fara waƙa a gidajen biki, nan da nan sunanta ya zagaya. Mahaifinta bai ji daɗi ba ko kaɗan. Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Ki sa kanki a matsayinsa: malami ne, baƙo a ƙasar mutane, ba shi da gona ta gado, ba shi da dangi masu sarauta, mutuncinsa shi ne duk jarinsa. A wancan zamani kuma mace mai waƙa ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Sai ya yi abin da iyaye da yawa kan yi, ya aurar da ita ko aure zai sa ta bari. Auren bai wuce shekara 2 ba ya mutu, ta koma ga waƙarta. Daga baya ta sake aure, a gida na biyu ne ta haifi 'ya'yanta.

Akwai abin lura a nan. Shahararriyar mawaƙiyar Masar, Ummu Kulsum, ita ma 'yar limamin ƙauye ce, ita ma da karatun Alƙur'ani ta fara. Amma ita mahaifinta ne da kansa yake yawo da ita wurin bukukuwa, har yana sa mata kayan maza don kada a yi surutu. Yana cikin ƙauyensu, cikin danginsa, in an yi magana yana da masu tare masa. Malam Musa ba shi da wannan gata. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kullum a ɗarare yake.

Sai dai baƙuncin nan da ya tsorata uban, shi ne kuma ya sassauta wa 'yar igiya. 'Ya'yan manyan gidajen Umdurman, masu jerin kakanni da sunan ƙabila, ko mai zaƙin murya ce ba ta isa ta tsaya gaban jama'a ba, dangi kaf za su taso. Waɗanda suka iya fitowa su ne na gefe, 'ya'yan baƙi da jikokin bayi. A'isha tana gefe, amma tana da abin da sauran na gefen ba su da shi, wato Larabcin allo. Sai ta zama tana iya shiga inda mai dalluka ba ta shiga, tana kuma iya kiɗan da mai haƙiba yake ƙyama. Yawancin baitocin soyayyar da ta rera maza marubuta ne suka tsara su. Nata aikin shi ne ta ɗora su a kan kiɗan mata mai motsa jiki, ta ba su murya da lanƙwasa irin tata. Wanda ya tashi a gida ɗaya, harshe ɗaya, kiɗa ɗaya, da wuya tunanin haɗa waɗannan biyu ya zo masa, don tun yana yaro an gaya masa wannan namu ne wancan nasu ne. Ita kuwa duka biyun a wurin mutane ta tsince su, ba wanda ta yi wa rantsuwa.

Bari in ɗan yi miki bayanin wani abu game da sautin kansa, don shi ne sirrin da ya sa waƙar Sudan ba ta yi wa kunnen Bahaushe baƙunci. Ki ɗauki muryar mai waƙa kamar mai hawa tsani. Waƙar Masar da ta ƙasashen Larabawa na gabas tsaninta mai matakai 7 ne, har da wasu 'yan ƙananan matakai a tsakani, shi ya sa kike jin tana lanƙwashe-lanƙwashe. Waƙar tsakiyar Sudan kuwa tsaninta mai matakai 5 ne. Haka ta Habasha take, haka kuma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke, tun daga bakin Bahar Maliya har ƙasar Mali. Ashe ke nan abin da A'isha ta ji a bakin uwarta da abin da ta tarar a gidan bikin Umdurman 'yan ɗaki ɗaya ne, harshe ne kawai ya raba su. Wannan ne ma ya sa daga baya mawaƙan Sudan irin su Sayyid Khalifa da Muhammad Wardi suka sami masoya a Arewacin Nijeriya, mutane suna bin waƙar suna kaɗa kai alhali ba su jin kalma ɗaya.

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji ta, aka kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi a faifan garmaho. Nan ta haɗu da wata duniyar kuma, ta masu goge irin na Turawa da masu udu, wato garayar Larabawa mai babban ciki, da ƙa'idar faifai wadda ba ta barin waƙa ta wuce 'yan mintoci. Mai waƙar biki ta saba ta ja waƙa yadda ta ga dama har sai amarya ta gaji. A gaban na'ura dole ta dunƙule zancenta. Faya-fayan suka dawo Sudan, aka riƙa sa su a wuraren shan gahawa, mazan da ba su taɓa shiga tsakar gidan biki ba suka ji abin da mata ke ji. A jikin faifan kuma sunan da aka rubuta shi ne A'isha Fallatiya.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo har ƙofar gida. Italiya tana riƙe da Iritiriya da Habasha, a watan Yuli na 1940 sojojinta suka shiga Kasala, garin haihuwar A'isha, ba su fita ba sai a Janairun 1941. Daga nan aka bi su har duwatsun Karan a cikin Iritiriya, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi a watannin Fabrairu da Maris. Sojojin Sudan suna ciki. A'isha ta riƙa zuwa tana yi wa sojoji waƙa don ƙarfafa masu zuciya, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙinta da Sudan ba ta manta ba ta wannan lokaci ce, waƙar fatan Allah ya dawo da waɗanda suka tafi lafiya. Ki tuna a daidai wannan lokaci sojojin Nijeriya ma suna can gabashin Afirka suna yaƙar Italiya, kafin daga baya a kwashi wasu zuwa Bama. Matan Kano da Zariya da Bauci suna zaune da irin zullumin da matan Umdurman ke ciki.

Saboda yaƙin ne Turawa suka buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940. Ɗan ɗaki ne a ginin gidan waya, ana watsa shiri na rabin awa a rana, a ba da labarin yaƙi, a sa karatu, a sa waƙa. A 1942 aka ba A'isha dama. Ba ita kaɗai ta je ba, da ƙanwarta Jidawiyya, wadda ke kaɗa udu, abin da a lokacin ba a saba ganin mace ta riƙe ba. 'Ya'yan malam biyu, ɗaya da murya ɗaya da tsirkiya.

Masu sauraro sun yi murna. Amma wasu suka tayar da ƙura, suka yi ta suka, har wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon, wai ba za su tsaya inda mace ta tsaya ba. Ni dai wannan ƙauracewa tasu ba ta yi mini kama da kishin addini ba. Mai kishin addini ai shi da kansa zai fara ajiye waƙar. Waɗannan kuwa suna waƙarsu, suna karɓar kuɗinsu, abin da ya dame su shi ne an daidaita su da mace, macen ma Bafallatiya. Da tafiya ta yi tafiya ƙurar ta lafa, suka dawo, har aka zo ana haɗa muryarta da ta namiji a waƙa ɗaya. Matan da suka biyo bayanta a rediyon Sudan ta ƙofar da ta buɗe suka shiga.

Ki duba kuma wani abu da rediyon ya yi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Matan manyan gidajen Umdurman a tsare suke kamar yadda da yawanmu muke. Ba su zuwa wurin shan gahawa, ba su zuwa dandali. Akwatin rediyo ne ya kai masu muryar 'yar'uwarsu mace har cikin ɗaki, ba tare da sun taka zaure ba, kamar dai yadda tawa muryar ke iso miki yanzu kina tsince shinkafa ko kina yi wa yarinya kitso.

Yanzu mu koma kan sunan nan. Fallata a bakin mutane da yawa na wancan zamani ba yabo ba ne. Yana nufin baƙo, ɗan ƙodago, wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da a nan aka haifi ubansa. Har doka ta shigo ciki, domin dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957, shekara guda bayan samun mulkin kai, ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun kafin shekarar 1898. Wanda iyayensa suka iso bayan Burmi fa? Ka haifu a ƙasa, ka noma audugarta, a ce sai ka nemi takarda. A cikin irin wannan hali ne mace ta yi shekara fiye da 30 ana kiran sunanta a rediyon gwamnati da wannan laƙabi, ana tafa mata. Ƙiyayyar da ta sha, ta kasancewarta mace da ta asalinta, ta kai har ta taɓa tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya. Ba ta koma ba. Ina za ta koma? Sakkwato garin iyayenta ne, ita a labari ta san shi. Umdurman kuwa nan ne allonta, nan ne ƙawayenta, nan ne 'ya'yanta. Wannan ita ce ƙaddarar ɗan hanya, a can a ce masa ɗan Nijeriya, in ya zo nan a ce masa ɗan Sudan.

Amma harshen uwa bai bar bakinta ba. Ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, waƙar maraba da Hausa, makaɗan Sudan suna bin ta da goge da udu, gidajen rediyon Arewa kuma suka yi ta sa waƙar. Ki auna abin da kunnen mutanenmu ya ji a lokacin. An saba jin Hausa a kan kalangu da kotso da taushi da kukuma. Sai ga Hausa a kan kayan kiɗan zamani, da muryar mace, daga wata ƙasa mai nisa. Masu nazarin waƙar Hausa ta zamani suna lissafa wannan waƙa cikin na farko-farkon da suka nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. 'Yar da iyayenta suka bar ƙasar Sakkwato da ƙafa, ita ce ta yi wa jikan Shehu maraba da harshen da aka yi mata reno da shi.

Cikin waƙoƙinta na Larabci kuma akwai wadda aka fi saninta da ita, mai ɗauke da sunan riɗin Gadarif. Gadarif yanki ne na noman riɗi da dawa a kudu da Kasala, inda mutanenmu da yawa suka zauna suka yi noma. Gaba ɗaya ta ɗauki waƙoƙi fiye da 150, ta yi suna a Sudan da Masar, tana yawan zuwa Alƙahira, ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960. A ƙarshen rayuwarta ciwon sukari ya kama ta, har sai da aka yanke mata ƙafa ɗaya. Ta rasu a Umdurman ranar 24 ga Fabrairu, 1974, shekara guda kafin rasuwar Ummu Kulsum. Allah ya jiƙan musulmi.

Tambayar da ta bi A'isha duk rayuwarta, wato wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, ba a binne ta tare da ita ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, aka rasa rayuka da yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a garuruwa daban-daban, har da Kasala inda aka haife ta. A watan Afrilu na 2023 kuma yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda aka adana tsofaffin muryoyin ƙasar, yana cikin wuraren da dakarun suka fara kamawa, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka ƙwato shi. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, wasu suka bi ta Darfur suka shiga Chadi, wato suka bi tsohuwar hanyar mahajjata a juye, da yara a goye.

Wasu daga cikin waƙoƙin A'isha suna nan a intanet, 'yan Sudan sun kwafe su daga tsofaffin faya-fayai da kaset sun ɗora. Wadda ke da ɗa ko ƙane mai babbar waya, in tana so, ta ce ya nemo mata ta saurara, ta ji ko kunnenta zai tsinci gida a ciki.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.